Burodi mai kumburi: abin da ke shiga cikin ƙullu idan fulawa ta yi tsada

Tun watan Fabrairun 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Ukraine ya tayar da farashin alkama a kasuwannin duniya, masu gidajen burodi a Nijar ba su samu sa'ida ba. Kafin su farfaɗo sai ga takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta zauna a rufe, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Alkamar da ake nomawa a lambunan Agadas da fadamun Ƙonni kuwa ba ta kai ko kusa da bukatar ƙasa ba.

Idan buhun fulawa ya hau, mai gidan burodi yana da zaɓi uku: ya ƙara kuɗi, ya rage nauyi, ko ya sa ƙullu kaɗan ya kumbura ya cika ido. Ƙarin kuɗin burodi magana ce da ke tayar da ƙura daga Yamai har Damagaram, shi ya sa ake gudunsa. Rage nauyi kuma mai saye yana ganewa, sai fa idan burodin bai rage girma ba. A nan ne sinadaran da ake ƙarawa suke shigowa.

Asalin burodi abu huɗu ne: fulawa, ruwa, gishiri da yis. A Faransa, inda baget ɗin da ake ci a biranen Nijar ta samo asali, wata dokar Satumban 1993 ta hana saka sinadaran ƙari a burodin da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Sauran burodi kuwa, a can da nan, ana zuba masa wani gari da masu sana'ar ke kira ameliyoran, domin ƙullu ya yi ƙarfi, ya tashi da wuri.

Ba duk abin da aka ƙara ne cuta ba. Yawancin ameliyoran na kamfani yana ɗauke da bitamin C, wanda ake rubutawa E300 a jikin leda, da sinadaran da ke taimaka wa yis aiki. Akwai kuma sinadarin ƙarfe da asid folik da ake haɗawa da fulawa tun daga masana'anta, don yaƙi da ƙarancin jini da kare jarirai tun suna ciki. Waɗannan amfani ne ga mai ci.

Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne bromat na potasiyom, mai lamba E924. Yana ɗaure danƙon fulawa ta yadda ƙullu zai riƙe iska sosai, burodi ya fito ƙato, fari, mai laushi, ko da fulawar ba ta da inganci. Ga araha, ɗan kaɗan ya ishi buhu. Idan aka sa shi daidai awo kuma burodin ya gasu sarai, zafi yana mayar da shi wani sinadari marar lahani. Idan aka zarce awo, ko aka sauke burodi bai gama gasuwa ba, saura yana zama a ciki. Wannan ne abin tsoro a ƙananan gidajen burodi, inda ake awo da cokali ko da hannu, ana gashi a tandun itace da zafinta bai zama ɗaya a ko'ina ba.

A farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka nuna cewa bromat yana haddasa ciwon daji na ƙoda a jikin ɓeraye. Cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke birnin Lyon ta sa shi a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa su jawo wa ɗan Adam cutar. Shan shi da yawa a lokaci guda yana lalata ƙoda, yana kuma kurmantarwa. Ingila ta hana shi a 1990, Kanada a 1994, Sin a 2005, Indiya a 2016, Tarayyar Turai ma ba ta yarda da shi.

Najeriya ta haramta shi, hukumar NAFDAC kuma ta matsa wa masu burodi lamba a zamanin Dora Akunyili, farkon shekarun 2000. Duk da haka, binciken jami'o'in ƙasar ya sha gano sauransa a burodin kasuwa shekaru bayan hanin. Wannan ya shafi Nijar kai tsaye. Burodin gwangwani mai zaƙi da masu shayi ke yankawa a Maraɗi da Tawa irin na Najeriya ne, kayan haɗinsa da dama kuma suna shigowa ta Ɗan Isa, Ƙonni da Magarya. Garin da aka ƙulla a leda babu suna babu lamba, mai gidan burodin kansa bai san abin da ya saya ba.

Ido ba ya gane bromat. Burodi ƙato da ba shi da nauyi a hannu, wanda ke lotsewa idan an matsa, alama ce ta iska mai yawa da fulawa kaɗan, amma ba hujja ba ce. Hujja sai a ɗakin gwaji. Nijar tana da LANSPEX mai gwajin abinci da magunguna, tana da ANMC mai kula da ƙa'idojin inganci da awo, ga kuma jami'an tsabta. Abin da zai kawo canji shi ne a riƙa ɗibar samfuri a gidajen burodi na jihohi a kai a kai, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.

Sai dai kame kaɗai ba zai isa ba, muddin mai saye girma yake dubawa. Mai gaskiya da ya sa fulawa cikakkiya zai ga burodinsa ya fi na maƙwabcinsa ƙanƙanta, kasuwa kuma ta guje shi. Matakai uku za su iya gyara wannan: a tsayar da nauyin kowane burodi a giram tare da farashinsa, a dinga aunawa, a hana sayar da ameliyoran da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ƙungiyoyin masu burodi kuma su koya wa ƴan ƙwaɓa aiki da sikeli da bitamin C, wanda ke yin kusan aikin bromat ba tare da haɗarinsa ba.

Magidancin da ke sayen burodi goma kowace safiya yana da haƙƙin ya tambayi mai gidan burodin unguwarsu wane ameliyoran yake sawa, ya kuma nemi ganin ledar. Wanda ke aiki da kaya mai kyau ba zai ji nauyin nunawa ba.