Me Ya Sa Ƙadangare Ke Gyaɗa Kai?

'Yan'uwa malamai da masu koyon malanta, ku ba ni aron hankalinku kaɗan in gaya muku wani abin kunya da ya same ni, da abin da na tsinta a cikinsa.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Fadaman Mada, cikin garin Bauci, aji huɗu aka ba ni. Ran nan da hantsi ina gaban allo ina ta zuba bayani a kan dabbobi masu ƙashin baya da marasa shi, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me ƙadangare ya ke gyaɗa kai?" Na waiwaya, ashe wani jan gwada ne ya hau katanga daura da taga yana ta aikinsa, rabin ajin kuwa shi su ke kallo. Ni dai ban san amsa ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na daka masa tsawa, na ce ba abin da ya tara mu ke nan ba. Yaro ya zauna. Har na ƙare kwanakina a makarantar nan bai sake tambayata kome ba.

Ba a yi wata guda ba, sai wata karya ta haihu a wani kango kusa da gidan da na sauka. 'Yar maƙwabcinmu, yarinya mai shekara 6, ta tafi ganin 'yan kwikwiyo. Yaran da ke tare da ita sun ce karyar ta miƙe ta sandare, gashin bayanta ya tashi, ta yi gurnani, amma yarinya ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗaya. Sai cizo a dantse. Aka kai ta asibiti aka yi mata allurai, Allah ya sa ta warke. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, karyar ta yi gargaɗi iyakar yinta, yarinya ce ba ta ji yaren ba. Wa zai koya mata? Ga shi kuwa ni da aka ɗora wa aikin na riga na rufe bakin wanda ya tambaya.

To, ra'ayina ke nan: wajibi ne mu koya wa yara fahimtar halin dabbobin da su ke kwana su ke tashi tare da su, mu kuma fara da waɗanda ke tsakar gida kafin mu kai ga na cikin littafi.

Bari in fara biyan bashin yaron nan. Jan gwada shi ne babban namijin ƙadangare, kuma kowanne yana da yankinsa, watau wata katanga ko tulin bulo, inda ya ke zaune da matansa. Gyaɗa kan nan sanarwa ce ga sauran maza cewa wurin yana da mai shi, wani lokaci kuma neman mace ya ke yi. Shanya jiki da ya ke yi a rana da safe kuwa, don jikinsa ba ya ɗumama kansa kamar namu, sai ya sha rana sa'an nan ya iya gudu sosai. Duk wannan yaro zai iya ganinsa da idonsa cikin mako guda, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Dubi akuya. Kowane yaro ya gan ta kwance a inuwa tana tauna alhali babu kome a gabanta. Wannan ita ce tuƙa. Cikinta kashi 4 ne, ta kan haɗiye ciyawa da sauri ta tara a tumbi, in ta sami hutu ta dawo da ita baki ta sake niƙawa. Yaron da ya san haka, ranar da ya ga akuyar gidansu ta daina tuƙa zai gaya wa uwarsa da wuri, gama alamar ciwo ce. Zai kuma gane dalilin da ya sa ledar da mu ke zubarwa a bola ta ke kashe awaki, domin ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi ta toshe shi. A gidaje da yawa akuyar nan ita ce asusun mace, da ita a ke biyan kuɗin magani da na makaranta. Ashe darasin ya shafi aljihu.

Iyayenmu mata sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. In an ƙyanƙyashe, sai ka ga 'yan zabi suna bin kaza kamar ita ta haife su. Dalili shi ne, irin waɗannan 'ya'yan tsuntsaye su kan ɗauki abin da suka fara gani yana motsi kusa da su a matsayin uwa. Wani Bature mutumin Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi nazarin wannan a kan 'ya'yan dinya har suka riƙa binsa shi kansa duk inda ya sa ƙafa. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel tare da waɗansu mutum biyu, ɗayansu Karl von Frisch, wanda ya gano ƙudan zuma na nuna wa 'yan'uwansa inda furanni su ke ta hanyar wata irin rawa. Ina amfanin a ce abin da aka ba mutum kyautar duniya dominsa yana faruwa a akurkin gidanmu, mu kuwa ba mu taɓa nuna wa yaro shi ba?

Haka shamuwa. Yara na murna in sun gan ta, sun san damina ta ƙarato. Kada mu rage musu murna, amma mu ƙara musu da sani: shamuwa tana bin ruwan sama ne don a lokacinsa fara da tsutsotsi ke yawa. A ƙasarmu ta ke yin sheƙa ta yi 'ya'ya, in damina ta wuce ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Ka ga labarin ƙasa ya shigo aji da kansa.

Sai maganar kare, wadda ita ce ta rai da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum allurarsa, amma har yau in alamun ciwon suka bayyana, da ƙyar ne wani ya tashi. Saboda haka lalle kowane ɗan aji ɗaya ya san kada ya kusanci kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai 'ya'ya. Ya san kaɗa wutsiya ba kullum ne murna ba. In baƙon kare ya nufo shi, ya tsaya cik, ya sauke hannuwa, kada ya zura masa ido, kada kuma ya sheƙa a guje, gama gudu shi ke sa kare bi. In har an cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani.

Na san abin da waɗansunku za su ce. Wani zai ce manhaja ta cika, ga jarrabawa, ga yara fiye da ƙima a aji. Gaskiya ne, amma minti 10 kurum na ke roƙo a mako, cikin darasin kimiyya. Wani zai ce babu kayan aiki. To, akuya da kaza da tururuwa ba sai an yi odarsu ba. Wani kuma zai ce wannan ilmin Turawa ne. Ina! Fiye da shekara 1,100 ke nan da Al-Jahiz, malamin Basra, ya rubuta Kitabul Hayawan a kan halayen dabbobi. Bafillatanin da ke duban kunnen saniya ya san abin da za ta yi, da mai jakin da ya san in jaki ya kwantar da kunnuwa baya harbi na tafe, duk wannan ilmin su ke aiki da shi. Tatsuniyar Gizo da kura ma ban ce a yar ba. A bar yaro ya ji daɗinta da dare, da safe a nuna masa bambancin abin da aka faɗa da abin da aka gani.

Ga yadda na ke yi yanzu. Kowane yaro ya zaɓi dabba ɗaya ta gidansu ko ta hanyar makaranta, ya lura da ita kwana 7. Sharaɗi: ba kamawa, ba jifa, ba danƙo, kare kuwa sai daga nesa. Ran Jumma'a in yi masa tambaya uku: Me ta yi? Yaushe ta yi? Me ya faru kafin ta yi? In yaro ya ce, "Kaza ta ji tsoro," sai in ce, "Me ka gani?" Sa'an nan ya ce shirwa ce ta gifta, kaza ta yi wani irin kuka, 'yan tsaki suka ɓuya. Nan ne ya ke koyon raba gani da zato, wanda shi ne tushen kimiyya duka. In sun kawo abin da ya fi ƙarfina, sai in ce, "Ban sani ba, mu bincika tare." Ban ga girmana ya zube don haka ba.

Mu mutanen Bauci muna alfahari da Yankari, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Amma tana da nisan fiye da kilomita 100 daga gari, ba kowane uba ke da kuɗin mota ba. Wanda ya sami zuwa ma, in bai saba lura ba, hoto kawai zai ɗauka ya komo. Yaron da ya koyi kallon ƙadangare a Fadaman Mada shi ne zai tsaya a Wikki ya tambayi don me birai ke fizge abinci a hannun baƙi, har ya gane mutane ne suka saba musu. Irinsa ne gobe zai ƙi yarda a ƙarar da giwayen da suka rage.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun fita gwajin koyarwa bana, yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ku abin da ke kan katanga, ku ajiye alli, ku je taga ku duba tare da shi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ni na yi kuskure sau ɗaya, har yanzu kuwa ina neman yaron nan in ba shi amsarsa. Allah ya sa mu dace.