Inshorar Tafiya Ga Dattawa: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Ba baƙon abu ba ne yanzu a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan a ga ɗan kasuwa ya ɗauko mahaifinsa daga gida, ya yanka masa tikitin jirgi zuwa Umara, ko zuwa Ingila domin ya gano jikoki. Wannan abin yabo ne. Amma daga cikin takardun tafiyar akwai guda wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato takardar inshora, alhali ita ce za ta tsaya wa dattijo idan ciwo ya kayar da shi a ƙasar da bai san kowa ba.

Yadda abin yake kuwa shi ne, kamfanin inshora yana karɓar kuɗi kaɗan bisa alkawarin biyan kuɗin asibiti mai yawa, kuma yana yin lissafinsa ne a kan abin da aka faɗa masa. Shi ya sa fom ɗin yake tambaya ko matafiyi yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya ko na ƙoda, da kuma irin maganin da yake sha. Yawancin takardun inshora masu araha sun cire duk ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, sai fa idan an bayyana shi, kamfani ya yarda a rubuce, an kuma biya ƙari. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ga wanda ya manyanta, wasu ma ba sa karɓar wanda ya haura wasu shekaru.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Dattijon Arewa ba ya son a yi ta baza zancen ciwonsa; in an tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Ɗansa yana jin nauyin ya matsa masa. Ejan kuma biza kawai yake nema, saboda haka sai ya bi layi yana rubuta "babu" a kowane gurbi. Ranar da tsoho ya yanke jiki ya faɗi, likitan can zai rubuta cewa ya shekara goma yana shan maganin hawan jini, kamfani kuma ya riƙe wannan hujja ya ƙi biyan ko kwabo. Kuɗin da aka yi wa rowa bai taka kara ya karya ba, amma bashin da zai biyo baya yana iya cinye rumfa da jari baki ɗaya.

Ba tsoratarwa ba ce. A Ingila, tun daga 2015, baƙon da ba shi da haƙƙin magani kyauta ana cajinsa kuɗin jinyar asibiti da ƙarin rabinsa a kai, kuma bashin asibiti na fam 500 ko fiye yana iya hana shi biza nan gaba. Ƙasashen Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000. Sai dai takardar da ta gamsar da ofishin jakadanci ba lalle ne ta ɗauki nauyin tsohon ciwo ba. Wanda kuma ya nufi Indiya ko Masar musamman domin jinya, ya sani inshorar tafiya ba ta biyan wannan.

Saudiyya ta sa kuɗin inshora cikin bizar Umara tun daga 2020, amma domin haɗari da larurar gaggawa aka yi ta. Hajjin 2024 ya isa ishara: zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu bisa ƙidayar hukumomin ƙasar, da yawansu tsofaffi da masu ciwo na dindindin.

Nauyin farko yana kan ɗan da ya biya kuɗin tafiya. Ya kai mahaifinsa wurin likita, ya karɓi rahoto a rubuce, ya zauna a cike fom a gabansa, ya kuma sa a karanta masa sashen da ya jera abubuwan da kamfani ba zai biya ba, da batun dawo da majinyaci ko gawa gida. Wanda yake da shakka a kan inshora ta fuskar addini yana da mafita, domin hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da suke yin sa.

Ita kuma hukumar, lokaci ya yi da za ta tilasta wa kamfanoni su rubuta wannan sashe da manyan baƙaƙe a shafin farko, cikin harshen da mai saye yake ji, ta kuma hukunta ejan da ya cike fom ba tare da ya tambayi matafiyi ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na Ikko da Ibadan da Fatakwal za su taimaka ƙwarai idan suka ware mutum guda mai ilimi wanda zai riƙa duba wa jama'a waɗannan takardu kafin a sa hannu.