Filin Fasaha: Kafin Ka Kai Kuɗinka Shagon Jita

Wani ɗalibi ɗan aji biyar daga Kebbe ya aiko mini da wasiƙa. Ya yi hutu biyu yana aikin gonar albasa, ya tara ɗan abin da ya tara, yanzu yana son jita mai lantarki da amfilifaya irin wanda yake gani a bidiyo. Tambayarsa ita ce wanne zai fara saya. Ƙanena, amsata ba za ta yi maka daɗi ba: kada ka sayi ko ɗaya tukuna.

Jita mai lantarki ba ta da murya sai an haɗa ta da waya da amfilifaya, shi kuma sai da wuta. Ka san yadda wuta take a garuruwanmu. Kayan da ka sha rana kafin ka same su za su yini jingine da bango suna jiran a kawo. Fara da jita mai akwati, wadda cikinta ne ke fitar da sauti, kamar yadda ƙwaryar gurmi ke yi. Ba ruwanta da caji, kuma za ka iya motsa ta a hankali bayan ka gama bita ba tare da ka tayar da gida ba.

Mdou Moctar, makaɗin nan ɗan yankin Tawa a Nijar da yanzu yake wasa a Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya riƙe har duniya ta san shi.

Idan ka je saye, ko Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Sabon Garin Kano, ta hannu ma ta isa, muddin ka duba ta da kyau. Manta da sheƙin fenti, wuya za ka duba. Ɗaga ta kamar mai auna bindiga, ka bi wuyan da ido daga kai zuwa gindi. In ya murɗe ko ya yi baka sosai, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka. Sai ka ƙirga layukan ƙarfen da ke kan wuyan har zuwa na 12, ka ga tazarar da ke tsakanin layin da tsirkiya. Kaurin tsinken ashana ɗaya, ko ɗaya da rabi, shi ne daidai. In fensir zai iya wucewa ta wurin, yatsunka za su yi ta ciwo har ka tsani abin cikin mako biyu, kuma wannan ne ya fi raba masu koyo da jita. Danna kowace tsirkiya layi bayan layi ka saurara ko akwai zuza. Murɗa kunnuwa shidan ka tabbata suna riƙe ɗauri. Leƙa gindin da aka ɗaure tsirkiyoyi: in ya fara ɗagowa daga jikin katako, matsala ce babba. In da hali ka tafi da wanda ya iya, ko da za ka biya masa kuɗin mota daga Tambuwal.

Tsirkiya iri biyu ce, ta roba da ta ƙarfe. Ta roba ta fi tausayin yatsa. Kada wani ya sa ka ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba, ƙarfin jan zai lanƙwasa wuyan ko ya ɓalle gindin. Ka rage kuɗin tsirkiya saiti guda, domin siririyar nan ta ƙasa ba ta sallama kafin ta tsinke, kuma ba lalle ka same ta a kasuwar ƙauye ba.

Ɗan farcen robar da ake kaɗawa da shi bai isa ya ci maka kuɗi ba. Mai koyo ya fi jin daɗin mai laushi, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.6 ba. Tsohon katin da aka ɓalle layin waya daga jikinsa ma, in ka yanke shi kusurwa uku ka goge bakin da dutse, zai yi aiki. Masu garaya irin su Kassu Zurmi da guntun fata mai tauri suka yi suna. Saita sauti kuma akwai manhajoji na kyauta a waya.

Hunturu maƙiyin katako ne. Iskar ta busar da shi ya tsage, zafin bazara ƙarƙashin kwano kuma ya saki gam. Sa a ɗinka maka jaka mai kauri, ka nisanta ta daga taga da rana.

Na bar wani abu sai yanzu. Ban ga sunan mahaifinka a wasiƙar ba. A gidaje da yawa a ƙasarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma akwai iyayen da ba su yarda da shi ba sam, wasu don addini, wasu don tsoron zai cinye karatu. Ka same shi da maganar kafin jita ta shigo zaure, ka faɗa masa lokacin da za ka riƙa taɓa ta, ka nuna masa sakamakon zangon da ya wuce. In ya ce a'a, kuɗin albasarka su jira, ga rajistar WAEC da NECO nan tafe baɗi.