Kada a Yanke wa Kwamfuta Hukunci Bisa Zato

Daga cikin al'amuran da suka yawaita a wannan zamani akwai samari masu himma waɗanda, maimakon su sayi kwamfutar tebur haɗaɗɗiya daga kamfani, sai su tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya, uwar allo daga nan, furosesa daga can, su zauna su harhaɗa abarsu da hannunsu. Kuma wannan abin yabo ne, domin wani lokaci akwai rangwamen kuɗi a cikinsa, akwai kuma ilimi. Sai dai wanda ya haɗa da kansa ba shi da wanda zai kai wa ƙara ranar da injin ya fara mutuwa ba sallama, ko ya riƙa jan ƙafa wajen tashi, don haka shi ne zai zauna a kujerar alƙali, kuma alƙalin da ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu zalunci ya yi, ko da ya dace da gaskiya.

Fatawar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai bairos ne, a goge komai a sake zuba Windows. A ra'ayina wannan gaggawa ce mara fa'ida, saboda galibin illolin sabuwar kwamfutar da aka haɗa a gida a jikin kayan suke ko a saitinsu, kuma mutum yana iya goge ta sau goma, ya yi asarar takardunsa da hotunansa, illar tana nan inda take. Abin da ya wajaba tun farko shi ne a lura da yadda mutuwar take zuwa. Idan shuɗin allo ya bayyana da rubutu a kansa, to a rubuta abin da ya ce, domin sau da yawa yana nuni ga ram ko ga wata manhajar da ke sarrafa katin hoto. Idan kuwa injin ya ɗauke ɗif ko ya sake tashi ba tare da ya ce uffan ba, musamman lokacin da aka ɗora masa aiki mai nauyi, to tuhuma ta fi karkata ga wuta ko zafi. Windows na da kundin da take rubuta abin da ya auku, mai suna Event Viewer, inda mutane kan tarar da Kernel-Power mai lamba 41 su ɗauka sun kama ɓarawo, alhali iyakacin abin da wannan lamba take faɗi shi ne injin ya mutu ba bisa ƙa'ida ba, bai ambaci sababi ba ko kaɗan.

Mas'alar ram ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne mafi yawan masu haɗawa suke faɗawa ba su sani ba. Gudun da ake bugawa a jikin kwalinta, kamar 3600 ko 6000, ba shi ne gudun da take tashi da shi ba, sai an shiga BIOS an kunna wani saiti da Intel ke kira XMP, AMD kuma EXPO; wannan kuwa, a haƙiƙa, tura ta ne ta wuce mizanin da aka yi ittifaƙi a kansa, kuma ba kowace furosesa ce take jure hakan ba. Wanda ya kashe wannan saiti ya ga mutuwar ta daina, ya sami hujja ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In ba ta daina ba, akwai MemTest86, manhajar da take nan tun 1994, wadda ake tayarwa daga filashi a bar ta ta kwana tana gwaji, kuma kuskure ɗaya tak in ta nuna ya isa shaida. Daga nan sai a cire sandunan ram ɗin a riƙa gwada su ɗai-ɗai. Sharaɗin dai shi ne kada a sauya abu biyu a lokaci guda, don wanda ya sauya uku injin ya warke bai san wanne ne mai laifi ba, kuma wataƙila ya zubar da lafiyayye.

Akwatin wuta, wato mai rarraba lantarki ga sauran kayan, shi ne inda ake yin rowa, bayan an ƙarar da kuɗi a kan katin hoto. Ga kuma wutarmu da take hawa da sauka yadda ta ga dama, ga ƙurar hunturu da take toshe fanka. Furosesa kan rage gudunta da kanta idan zafinta ya kusanci digiri 95 zuwa 100, kuma an sha ganin wanda ya manta bai ɓare ledar da ke ƙarƙashin abin sanyayawa ba.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa wani lokaci laifin ba na mai haɗawa ba ne. A watan Yuli na 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesocinsa na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima har su lalace, bayan mutane sun daɗe suna zargin kansu da kayansu. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu.

Amma batun nawar tashi, hikimar ita ce a raba lokacin gida biyu: abin da ya wuce kafin tambarin uwar allo ya bayyana, da abin da ya biyo bayansa. Na farkon ba ruwan Windows da shi. Ram irin DDR5, musamman a allunan AM5 da AMD ya fitar a 2022, tana da wani gwajin daidaitawa da kan ci minti guda ko fiye, allo yana baƙi, har mai ita ya zaci ta ƙone, kuma akwai saitin Memory Context Restore da ke rage maimaita shi. Haka nan ƙaramin batirin nan CR2032 idan ya mutu, injin kan manta saitinsa da agogonsa duk lokacin da aka zare shi daga wuta. Na biyun kuwa yawanci manhajoji ne da suka yi cincirindo a bakin ƙofa, waɗanda ake iya sallama daga Task Manager, ko kuma tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda SSD ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Idan faifan ne ya fara ƙara, ko rahotonsa na SMART ya yi gargaɗi, to a dakatar da kowane gwaji, a kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri a ranar, sannan a koma ga bincike.