Wurno: Muna Cin Albasarta, Mun Manta Da Ita



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata tambaya da yarona ya yi mini. A nan Ibadan aka haife shi, Yarbanci ma ya fi Hausa zama a bakinsa. An ba su aiki a makaranta kowa ya rubuto tarihin garinsu, sai ya ce da ni, "Baba, wai me ke akwai a Wurno in ban da albasa?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin laifin nawa ne. Shekara da shekaru ina sayar da albasar garin nan, ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ko wace ce Wurno ba.

Ga wanda bai sani ba, Wurno tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, wajen hanyar Goronyo. Garin yana bisa tudu, ƙarƙashinsa kuma kwarin Gulbin Rima ne. Da damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, idan ya janye ya bar laka mai albarka. A tudu ana noma gero da dawa da wake, a fadama shinkafa, in rani ya yi a koma albasa da tafarnuwa. Wato manomin Wurno ba ya rataye fartanya don damina ta wuce.

Wannan tudu da wannan fadama su ne suka ja hankalin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau mulki a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa Shehu Usmanu. Ko da yake an ci Alƙalawa tun 1808, Gobirawa ba su daina kawo hari daga wannan sashe ba. Sai Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, wato garin tsaron iyaka, ya zaunar da mutane su yi noma su kuma tsare ƙasa. Bai tura talakawa bakin daga ya koma Sakkwato ya kwanta ba. Shi da kansa ya tare a can, a can ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan har gobe. Ɗansa Aliyu Babba, da ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya mayar mazauninsa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853.

To a nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani. Hikimar Bello ita ce ƙasa ba ta tsaruwa sai da mutane zaune a kanta, suna da abin da za su kare. Mu kuwa 'yan Wurno da ke Kudu me muka yi? Duk wanda Allah Ya buɗa masa, sai ya sayi fili a cikin Sakkwato ko Abuja. Garin sai ranar Sallah ko ta'aziyya, mu raba 'yan kuɗi a ƙofar gida, kafin la'asar mun juya.

Alhali mun fi kowa sanin ciwon manomin can. Lokacin girbi albasa takan yi yawa farashi ya faɗi, ga ba shi da wurin ajiya mai kyau, ga bashin taki a wuya, dole ya sayar a wulaƙance. Bayan 'yan watanni mu ne muke sayar da buhun nan da tsada a nan. Ambaliyar 2010 da ta biyo ta madatsar Goronyo ta cinye gonaki da gidaje a wannan kwari, mu nawa muka koma muka taimaka? Sannan a 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, da aka tsayar da kawo abinci Kudu na 'yan kwanaki, mun ga yadda kaya suka yi tsada a nan, can gida kuma suna lalacewa. Ranar na gane ashe rumfata a Ibadan reshe ce kawai, saiwar tana fadamar Rima.

Na san wani zai ce ai 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, wa zai zuba dukiyarsa a can? Gaskiya ne, ba na raina wannan tsoro, kuma tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Amma a tuna, don haɗari aka kafa Wurno tun farko. Idan masu hali suka janye, matasa suka biyo mu ci-rani, wa aka bar wa garin?

Shawarata ba babba ba ce. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da ke tara kuɗi duk mako, a ware wani abu a gina rumbunan albasa masu shan iska, a ba manoma rancen taki da injin ban-ruwa ba tare da an ɗaure su da farashin rahusa ba. Kuma mu riƙa kai yaranmu gida su ga hubbare, su kuma taka fadama. Nawa dai na yi masa alkawari, in Allah Ya kai mu hutun makaranta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabata. Wassalam.