Wa'adin Izinin Gini: A Duba Halin Mutanen Sabuwa

Duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari a Sabuwa zai ga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta cika ɗakunan. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ce sakaci ne, alhali kuwa haka manomi ke gini: bana ya sayar da masara ya zuba tushe, baɗi ya ɗora bulo, rufin kwano sai shekarar da damina ta yi albarka.

Ita doka ba ta san wannan lissafi ba. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta ba takardar izinin gini wa'adin shekara 2, wanda bai fara aiki ba cikin wannan lokaci sai ya koma a sabunta masa. Hikimar abin a fili take, watau kada mutum ya riƙe fuloti shekara da shekaru yana jiran ya yi tsada. Amma dokar nan kuma ta yarda a aika wa mai gida takardar gargaɗi ko da ginin ya girmi dokar kanta. An ɗaure mai gini da wa'adi ke nan, an bar hukuma sakaka.

A Ingila izinin gini yakan mutu bayan shekara 3 in ba a fara aiki ba, amma hukuma ma tana da nata wa'adin. Da shekara 4 ne ga gidan da aka gina ba izini, a 2024 aka mai da shi 10. In lokacin ya wuce ba ta ce kome ba, bakinta ya rufu.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane aikin jihohi ne, wuƙa da nama suna hannun Majalisar Dokokin Jihar Katsina da Hukumar Tsara Birane ta jiha. Ya kamata su dubi Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da idon basira. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da ƙauyukansu, wasu sun baro ginin da suka fara, wasu kuma sun shigo gari sun kafa ɗaki a inda suka sami wuri, ba tare da zanen gida ko takarda ba. Ga kuma siminti da buhunsa ya haura Naira 10,000 a farkon 2024. Mutumin da gonarsa ta gagare shi shiga damina uku, da wane bakin za a ce masa izininsa ya mutu, ya sake biya? Lalle a sabunta wa irin waɗannan kyauta, bisa shaidar dagaci ko mai unguwa.

Wannan ba kira ba ne a bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Wanda ya toshe magudanar ruwa ko ya cinye hanya, maƙwabtansa ne za su kwana cikin ruwa a watan Agusta, kuma dole a hana shi. Sai dai hani yana da lokacinsa. Ma'aikacin da ya wuce ta gaban gini tun ana haƙa tushe bai tanka ba, sa'an nan ya dawo da jan fenti bayan an aza kwano an tare, shi ma ya kamata a tambaye shi inda yake a da, kuma jama'a ba su rasa abin da suke zato game da irin wannan shiru.

Saboda haka a rubuta wa hukuma wa'adi biyu cikin dokar jiha: kwanakin da za ta amsa wa mai neman izini, da shekarun da in sun wuce ba za ta rushe gidan zama ba sai da diyya, in ban da wanda ke kan hanyar ruwa. A kuma sa jami'i zaunanne a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabuwa, wanda zai karɓi takardu, ya je ya duba fili kafin magini ya ja igiya.