Daga Yamai zuwa Damagaram bisa moto: a bar samari su ga ƙasarsu

Jama'a, akwai wata magana da ke yawan dawowa a bakin masu saurare idan muka buɗe layin tarho a gidan rediyo: wai mene ne amfanin saurayi ya hau moto daga Yamai har Damagaram, alhali ga motocin safa masu sanyi suna tashi kullum da asuba? Wasu su ce ganganci ne, wasu su ce kwaikwayon Turawa ne masu yawon buɗe ido. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba.

Da farko, ba Bature ya koya mana wannan tafiya ba. Ɗan kasuwar ƙauye da ke bin kasuwanni mako-mako, da malamin lakkwal da aka tura wani gari mai nisa, da ɗan kabu-kabun da ke komawa gida noma idan damina ta faɗi, duk sun daɗe suna cin ɗaruruwan kilomita bisa Kasea ko Haojue, babu wanda ya ɗauke su hoto. Abin da ya ƙaru kawai shi ne samari sun fara yin ta don son ganin ƙasa.

Kuma ƙasar ta isa a gan ta. Hanyar Haɗin Kai, wadda ke da lamba 1, ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ta isa Damagaram bayan kusan kilomita 900, sannan ta zarce Gure da Difa. Wanda ke cikin safa yakan ja labule ya yi barci, sai a tashe shi a tasha. Mai moto kuwa hancinsa ne zai shaida masa ya iso Galmi, don warin albasa ya riga allon sunan gari. Zai ga inda jan dutsen Adar ya ƙare, inda gonakin hatsi na Gobir da Katsina suka soma. Zai tsaya sayen kilishi a Madawa, ya ji yadda Hausar ta sauya tun daga Arewa har Damagaram, "hwa" ta koma "fa" a hankali. Yaron da ya tashi a Yamai, wanda bai san Agye da Gazawa ba sai a taswirar aji, idan ya sha ruwan rijiyarsu sau ɗaya, da wuya wani ɗan siyasa ya zo gobe ya raba masa hankali da zancen gabas da yamma.

Kuɗin ma ba su kai yadda ake zato ba. Ƙaramin moto mai 125 yakan sha wajen lita 3 a kilomita 100. A farashin da aka tsayar a shekarar 2024, wato 499 kowace lita, man zuwa Damagaram bai wuce jika 15 ba. Sai dai a sha a gidan mai. Tun da Nijeriya ta janye tallafi a 2023, ruwa-ruwan kwalba ya daina araha, ga shi ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

To, amma fa kar mu ruɗi kanmu. Moto ya yi baƙin jini a ƙasar nan, kuma da dalili. Bisa moto aka zo aka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, a watan Agusta na 2020. Bisa moto aka afka wa ƙauyukan Tiliya a jihar Tawa a watan Maris na 2021, aka kashe mutum 137. Saboda irin haka ne hukuma ta hana hawan moto a jihar Difa a 2015, ta kuma hana a sassan Tilaberi a farkon 2020. A nan kusa da mu, mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san abin da ƙarar moto da tsakar dare ke nufi. Saboda haka saurayin da ya ce zai ratsa ƙasa ba tare da ya tambayi inda aka yarda da inda aka hana ba, ransa yake wasa da shi, kuma yana wahalar da sojan da ke bakin shinge, wanda ba shi da hanyar gane mai yawo da mai mugun nufi daga nesa.

A nan ne nake da kuka da hukumomi. Dokar hana moto takan fito daga ofishin gwamna, a karanta ta sau ɗaya ko biyu da Faransanci, shi ke nan. Me zai hana a riƙa aiko wa gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara sanarwa kowane mako, da Hausa da Zabarmanci da Barbarci, a ce daga gari kaza zuwa gari kaza an yarda, daga ƙarfe kaza an hana? Mu a shirye muke mu karanta. Mai moto da ke da permi da takardun abin hawansa cikakku bai kamata ya san doka sai a hannun jandarma ba.

Ga samarin kuma, abin da ya fi 'yan bindiga kashe masu moto a kan wannan hanya shi ne gudu da tafiyar dare. Kwaltar ƙunci gare ta, babu gefe, gingimari ba ya kauce wa kowa, amalanken jaki ba ta da fitila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, amma sai ka ga an rataye ta a hannun moto kamar ƙwaryar fura, wai zafi. A raba tafiyar kwana 3, a kwana Ƙonni, a kwana Maraɗi, a sauka kafin magariba. A tafi mutum biyu ko uku, da buji da kayan faci da ruwan sha. A kauce wa watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, a kuma kauce wa tsakiyar damina, tunda a Agustan 2024 ruwa ya yanke wannan hanya a bakin Yamai kanta. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacinta, da rawani saboda ƙurar hunturu, da kwano a kansa.